Ta yaya hoto ko PDF zai zama hanyar kutse, alhali shi ba manhaja ba ne?

Tambaya: "Na ji an ce an gano ɓaraka a wata buɗaɗɗiyar manhaja, wai idan aka turo maka wani hoto ko PDF da aka shirya da mugun nufi, za a iya shiga na'urarka. Ni a sanina hoto hoto ne kawai, ba abin da ake kunnawa ba ne. Ta yaya hakan zai yiwu? Kuma shin laifin barin kod a buɗe ne kowa yana gani, gara mu koma manhajojin da kamfanoni ke sayarwa?"

Ɗan'uwa, ka yi gaskiya a rabin farko. Hoto ba ya yin komai da kansa. Ka ajiye shi shekara goma a kan filas, ba zai motsa ba. Sai dai ba ya bayyana a allo har sai wata manhaja ta ɗauke shi ta karanta, kuma a wurin karatun nan ne gizo ke saƙar. Na daɗe ina aikin bincikar irin waɗannan manhajoji masu karanta fayil, kuma abin da na fi so mutane su gane shi ne, kowane fayil yana zuwa ne da bayanin kansa: ga faɗina, ga tsawona, ka tanadar mini wuri kaza, ka tsallaka zuwa wuri kaza ka ci gaba da karatu. Manhaja tana bin wannan bayani. Wanda ya ƙirƙiri fayil ɗin kuwa shi ya rubuta bayanin, kuma babu abin da ya hana shi yin ƙarya.

Bari mu buɗe hoton PNG mu leƙa cikinsa. Bayit 8 na farko (bayit ma'aunin bayanai ne a kwamfuta, kowanne yana da bit 8) tambari ne da ke cewa ni PNG ne. Bayan su sai gutsattsarin bayanai a jere, kowanne yana farawa da bayit 4 da ke faɗin tsawonsa, sai haruffa 4 na sunansa, sai abin da ke ciki, sai wata lamba ta tantancewa a ƙarshe. Gutsuren farko sunansa IHDR, a cikinsa ake rubuta faɗin hoton da tsayinsa. Manhaja za ta karanta lambobin nan biyu, ta ninka su, ta nemi wuri daidai wannan girma a ƙwaƙwalwar kwamfuta, sannan ta fara zuba hoton a ciki.

To a ce wani ya rubuta faɗi 65,536, tsayi ma 65,536. Idan ka ninka su za ka sami 4,294,967,296. Lambar da ake ajiyewa a bit 32 kuwa iyakarta 4,294,967,295, wato an wuce ta da ɗaya tak. Ka san mitar mota da ke ƙirga nisan tafiya, idan ta cika 999,999 sai ta juye ta koma 000,000? Haka lambar nan take yi, sai ta koma sifili. Manhaja ta tanadi wuri ɗan mitsitsi, ta fara zuba kaya masu yawa, kayan su malala zuwa wuraren da ke maƙwabtaka. A waɗannan wurare akwai abubuwan da manhajar ta ajiye wa kanta, har da adireshin umarnin da za ta bi nan gaba. Idan malalar ta zo da ka, manhajar za ta faɗi kawai. Idan gwani ne ya tsara fayil ɗin, abin da ya malala zai sauka daidai kan adireshin nan, ya maye shi da wanda yake so. Daga nan manhajarka ta koma yi masa aiki, da duk izinin da ka ba ta.

Wannan misali na sauƙaƙa shi, manyan laburare na yau, wato tarin kod da manhajoji da yawa ke arowa don yin wani aiki, suna duba irin wannan ƙarya ta fili. Amma ɗan'uwansa ya faru a zahiri. A Oktoban 2020 an gano ɓaraka a FreeType, laburaren da ke zana haruffa a Android da Linux da Chrome. Fayil ɗin salon rubutu yana iya ɗauke da ƙananan hotunan PNG a cikinsa. FreeType ya karanta faɗi da tsayi a bit 32, ya datse su zuwa bit 16 wajen lissafa wurin da zai tanada, shi kuwa libpng, laburaren PNG da ke zuba hoton, ya yi aiki da lambobin asali. Ɗaya ya auna da ƙaramin ma'auni, ɗaya ya zuba da babba. Kafin a yi wa ɓarakar faci, wato gyaran da ake turowa ta sabuntawa, masu kutse sun riga sun fara amfani da ita a kan masu Chrome, kuma buɗe shafin intanet mai ɗauke da salon rubutun ya isa.

Nan ne zan gyara maka wata fahimta da ta yaɗu, cewa muddin ban danna ba, na tsira. Na'urorin yau suna karanta fayil kafin ka taɓa shi. Manhajar saƙo tana haɗa ɗan ƙaramin hoton da za ta nuna maka, manhajar duba fayiloli tana yin haka, injin bincike na cikin kwamfuta yana karanta duk abin da ya sauka don ya iya nemo maka shi daga baya. A Yulin 2015 Joshua Drake na kamfanin Zimperium ya bayyana ɓarakokin Stagefright, laburaren da ke karanta bidiyo a Android. Saƙon MMS mai ɗauke da bidiyon MP4 ya isa, domin wasu manhajojin saƙo suna fara sarrafa bidiyon da zarar ya shigo, ko mai wayar yana barci. An ƙiyasta wayoyi kusan miliyan 950 ne abin ya shafa, kuma bayan wannan ne Google ya fara fitar da facin tsaro na Android wata-wata. A Oktoban 2023 kuma Kevin Backhouse na GitHub ya nuna irinta a Linux mai GNOME: wani ɗan laburare mai suna libcue, wanda ke karanta fayil ɗin jerin waƙoƙin faifan CD, yana da kafa. Kana sauke fayil ɗin daga intanet, injin bincike zai karanta shi da kansa, shi ke nan an gama. Mutane da yawa da abin ya shafa ba su taɓa jin sunan libcue ba.

Sunan fayil ma ba abin dogaro ba ne. Labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na harin da aka laƙaba wa suna FORCEDENTRY, wanda cibiyar Citizen Lab ta Jami'ar Toronto ta gano a 2021 a wayar wani ɗan fafutuka na Saudiyya, an yi amfani da shi wajen dasa manhajar leƙen asiri ta Pegasus ta kamfanin NSO. Saƙo ne ta iMessage, fayil ɗin sunansa ya ƙare da .gif, amma a ciki PDF ne. Wayar ba ta bi sunan ba, ta leƙa ciki ta gane PDF ne, ta miƙa shi ga mai karanta PDF. A cikin PDF ɗin akwai hoto na tsarin JBIG2, wani tsohon tsari na matse takardun da aka yi wa sikanin fari da baƙi. Kod ɗin da ke karanta JBIG2 a wayar Apple ya samo asali daga Xpdf, buɗaɗɗiyar manhaja, kuma yana da irin juyewar lambar da na yi maka bayani. Abin da ya biyo baya ne ya girgiza masu wannan sana'a. JBIG2 yana da wasu ƙananan umarnai na haɗa ɓangaren hoto da wani ɓangare. Maharan suka jera fiye da 70,000 na waɗannan umarnai, suka gina wata 'yar ƙaramar kwamfuta a cikin mai karanta hoton, mai iya tarawa da kwatanta lambobi, ita ta binciko ƙwaƙwalwar wayar ta buɗe musu hanya. Ian Beer da Samuel Groß na Project Zero, ƙungiyar binciken tsaro ta Google, ne suka warware yadda abin yake a Disambar 2021. Duk lokacin da wani ya ce mini ai hoto ba manhaja ba ne, wannan nake tunawa.

Ba kowace ɓaraka ce ta malalar ƙwaƙwalwa ba. Akwai wadda manhaja ke miƙa wuya ba tare da an sha wahala ba. ImageMagick, wanda dubban shafukan intanet ke amfani da shi wajen rage girman hoton da mutane suka ɗora, yana fahimtar wani tsari mai suna MVG inda ake iya rubuta adireshin intanet a ce a ɗauko hoto daga can. Don ɗaukowa, sai ya liƙa adireshin cikin umarnin da yake miƙa wa tsarin kwamfutar. A Mayun 2016 aka gano cewa idan ka rufe adireshin da alamar zance ka ƙara naka umarni a baya, sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, za ta aiwatar da shi. Ka sa wa fayil ɗin suna .jpg, ka ɗora a matsayin hoton fuskarka, ka mallaki sabar. An kira ta ImageTragick. A 2021 aka maimaita kusan irin wannan da ExifTool, manhajar da ke karanta bayanan da ke maƙale a jikin hoto. GitLab, dandalin ajiye kod, yana amfani da ita don goge waɗannan bayanai saboda kare sirrin masu ɗora hoto, sai fayil ɗin DjVu da aka yi wa shigar JPEG ya sa ta gudanar da kod ɗin mahari. An kutsa sabobi da dama ta wannan hanya watanni bayan facin ya fito, saboda masu su ba su sabunta ba.

Fayilolin matsi irin ZIP da TAR suna da nasu salon. Kowane fayil da ke ciki yana ɗauke da sunan wurin da za a ajiye shi, kuma idan sunan ya fara da ../../ yana cewa ne a koma baya a fita daga jakar da aka zaɓa. Manhajar da ba ta duba ba za ta rubuta fayil ɗin a kan wani muhimmin fayil na tsarin. Kamfanin Snyk ya nuna yaɗuwar wannan a 2018 da sunan Zip Slip, kuma sashen tarfile na Python an san yana da ita tun 2007, ta zauna shekaru ana cewa ai an yi gargaɗi a rubuce. Akwai kuma mai kumbura: wani sanannen fayil mai suna 42.zip, kilobayit 42 kacal, idan aka warware shi gaba ɗaya yana kai petabayit 4.5. Wannan ba ya sata, yana cika faifai ne ya kashe aiki.

Yanzu ga tambayarka ta biyu, kuma a nan ina da ra'ayi mai ƙarfi. Komawa manhajar kuɗi ba zai raba ka da matsalar ba, don ita ma a cikinta laburaren nan ne. Ka ga Xpdf a cikin wayar Apple. Kuma rufaffen kod yana da irin waɗannan kurakurai, illa dai ba kowa ke iya gyara su ba. A 2019 masu bincike na Check Point sun gano kafa a wani rufaffen laburare da WinRAR ke amfani da shi wajen buɗe fayilolin matsi na ACE, ta kai kusan shekara 19 tana nan. Masu WinRAR ba su da kod ɗin laburaren, don haka suka cire tsarin ACE ɗungurungum. Microsoft ma a 2017 ya yi faci wa tsohon Equation Editor na Office, mai rubuta alamomin lissafi, wanda aka haɗa tun 2000, sannan ya cire shi a farkon 2018, kuma masu kutse sun ci gaba da cin kasuwarsu da wannan ɓaraka shekaru a kan waɗanda ba su sabunta ba. Mahari ba ya buƙatar ganin kod. Yana iya jefa wa manhaja fayiloli har ta faɗi, ya bi sawun faɗuwar.

Abin da ya bambanta buɗaɗɗen laburare shi ne yawan wuraren da yake zaune. A Satumbar 2023 aka bayyana ɓaraka mai lamba CVE-2023-4863 a libwebp, laburaren hotunan WebP. Kuskuren yana wajen gina teburin da ake warware matsi da shi: an riga an lissafa iyakar girman da teburin zai kai bisa zaton fayil ɗin sahihi ne, sai fayil ɗin ƙarya ya sa teburin ya wuce iyakar. Jami'an tsaron Apple da Citizen Lab ne suka kai rahoto, bayan sun ga ana amfani da hotuna wajen kai hari ga iPhone. Da farko mutane sun ɗauka matsalar Chrome ce. Cikin kwanaki sai ga Firefox, ga Edge, ga Signal na kwamfuta, ga duk manhajar da aka gina a kan Electron, mai ɗauke da injin Chrome a cikinsa, ga rabe-raben Linux, kowa yana fitar da faci. An gyara tushen a libwebp 1.3.2, amma gyaran ba ya isa gare ka sai kowace manhaja da ta kwafi laburaren cikin jikinta ta ɗauki sabon, ta fitar, kai kuma ka sauke. Kwamfuta ɗaya tana iya ɗauke da kwafin libwebp barkatai, ka sabunta burauza ka zata ka gama, sauran suna nan yadda suke.

Me ya sa kurakuran ba sa ƙarewa? Yawancin laburaren nan an rubuta su da C ko C++, harsunan da ba sa hana manhaja rubutu a wajen wurin da ta tanada, sun bar wa mai rubutu ya kula da kansa a kowane layi. Microsoft ya faɗa a 2019 cewa kusan kashi 70 cikin 100 na ɓarakokin da yake gyarawa duk shekara na ƙwaƙwalwa ne, masu Chromium, tushen da aka gina Chrome a kansa, ma sun fitar da kusan wannan adadi game da manyan ɓarakokinsu. Ga kuma tsarin fayilolin da kansu, da suka tara shekaru ana yi musu ƙari. PDF yana iya ɗauke da salon rubutu, da hotuna iri-iri, da JavaScript, da wani fayil a cikinsa, kuma kowanne da mai karanta shi. Sai batun mutane, wanda shi ya fi damuna. Laburare da yawa da manyan kamfanoni suka dogara da su, mutum ɗaya ko biyu ne ke kula da su a lokacin hutunsu, ba albashi. A 2025 mai kula da libxml2, laburaren karanta fayilolin XML, Nick Wellnhofer, ya fito fili ya ce ba zai iya ci gaba da ɗaukar nauyin rahotannin tsaro a asirce kyauta ba, alhali kamfanoni masu biliyoyin daloli suna amfani da aikinsa. Ni ban ga laifinsa ba. Wanda ke cin moriyar abu ya kamata ya sa hannu a kula da shi, da kuɗi ko da ma'aikata.

Buɗewar kod kuwa tana da amfanin da na gani da idona. Akwai gwajin da muke kira fozin: ka ɗauki sahihin fayil, na'ura ta riƙa lalata shi kaɗan-kaɗan, ta canza bayit nan, ta datse can, tana miƙa wa manhaja sau dubbai a daƙiƙa tana jiran ta faɗi. Barton Miller ne ya fara shi a Jami'ar Wisconsin a 1988, kayan aiki irin AFL na Michał Zalewski suka sa ya yi kaifi. Na taɓa ɗora shi a kan wani ɗan mai karanta fayil da muka rubuta a wurin aiki, wanda mutum uku suka duba suka amince. Ba a jima ba ya faɗi, a kan fayil ɗin da ya ce tsawon wani sashe sifili ne. Kod ɗin yana cire ɗaya daga tsawon kafin ya kwafa, sifili a cire ɗaya ya juye ya zama lamba mafi girma. Layi biyu suka gyara shi, amma ba wanda ya hango shi da ido. Google ya buɗe OSS-Fuzz a Disambar 2016 don yi wa buɗaɗɗun manhajoji wannan gwaji dare da rana, kuma zuwa 2023 ya taimaka an gano an gyara ɓarakokin tsaro fiye da 10,000 a ayyuka kusan 1,000. Duk da haka kada a ɗauke shi maganin komai. An daɗe ana yi wa libwebp fozin, kafar 2023 ta kuɓuce, don fayil ɗin da zai tayar da ita sai an tsara shi da lissafi mai zurfi.

Shi ya sa masu gina manhaja suka koma wani tunani: a ɗauka mai karanta fayil zai faɗi wata rana, a killace shi a inda ko an kama shi ba zai iya taɓa komai ba. Bayan Stagefright, Android 7 ya rarraba sashen sarrafa bidiyo gida-gida, kowanne da ɗan izininsa. Apple ya sa BlastDoor a iOS 14 don saƙonnin iMessage. Firefox ma yana killace wasu laburare da fasahar RLBox. Masu Chromium suna da ƙa'ida cewa ba a haɗa abu uku wuri ɗaya: bayanan da ba a amince da su ba, harshen da ba ya kare ƙwaƙwalwa, da cikakken izini. A 2025 Chrome ya fara karanta salon rubutun shafuka da sabon laburare da aka rubuta da Rust, harshen da ke kare ƙwaƙwalwa, a madadin FreeType.

Kai mai amfani da waya da kwamfuta, abin da ke hannunka kaɗan ne amma yana da nauyi. Ka bar sabuntawa ta riƙa sauka da kanta, kuma ka rufe burauza ka sake buɗewa, don facin ba ya aiki sai an yi haka. Ka duba ranar facin tsaro na ƙarshe a saitin wayarka. Idan kamfanin ya daina turo mata faci, duk ɓarakar da aka gano bayan ranar tana nan a buɗe, kuma ba manhajar kashe bairos da za ta toshe ta. Su kansu masu kashe bairos ɗin masu karanta fayil ne, ɗaya daga cikinsu, ClamAV, ya sha fama da irin wannan. Ka kashe saukar fayil kai tsaye a manhajojin saƙo, ka goge manhajojin da ka daina amfani da su. Hare-hare irin na Pegasus suna da tsada, ana tanadar su ne ga 'yan jarida da 'yan fafutuka da makamantansu. Idan kana cikinsu kuma iPhone gare ka, ka kunna Lockdown Mode, wanda ke toshe yawancin nau'o'in fayil a saƙo. Sauranmu, abin da ya fi kama mu tsohuwar ɓaraka ce da aka daɗe da yi wa faci.

Idan kuma kana gina shafin da mutane ke ɗora fayil, nauyin ya fi yawa a kanka. Ka tantance nau'in fayil daga cikinsa, ka karɓi 'yan tsarukan da kake buƙata kawai, sauran ka kashe su a policy.xml na ImageMagick. Aikin sarrafa fayil ya gudana a killace, ba cikakken izinin mai iko da kwamfutar, ba hanyar fita intanet, da iyakar lokaci da ƙwaƙwalwa da girman abin da zai warware. Ka riƙe jerin duk laburaren da ke cikin manhajarka har da waɗanda aka kwafo aka manta, don ranar da irin libwebp ta sake faruwa ka san inda za ka duba. Masu aiki da ƙirƙirarriyar basira su kula da fayilolin pickle na Python, loda su daidai yake da gudanar da kod ɗin wanda ya haɗa su, shi ya sa aka fito da tsarin fayil na safetensors a madadinsu.

Kuma idan wata rana wani fayil ya sa manhaja ta faɗi a hannunka, ka sake gwadawa ta sake faɗi a wuri guda, kada ka ɗora shi a fili inda ake kai ƙorafin kurakurai. Ka nemi fayil ɗin SECURITY.md a ma'ajiyar kod ɗinsu, yawanci akwai hanyar tuntuɓa ta sirri a ciki. Ka tura musu fayil ɗin, da lambar sigar manhajar, da yadda za su maimaita faɗuwar, sannan ka ba su lokaci. Abin da aka fi sabawa da shi kwana 90 ne kafin a bayyana wa jama'a.